Yadda za ka cire ƙafar keke ka mayar da ita a gida, ba sai ka kai wa mai gyara tarkace a buhu ba

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kekuna suka dawo titunan Kano, wanda ya jingine nasa a soro shekara da shekaru ya je ya kakkaɓe ƙura, wanda bai da shi kuma ya nufi Sabon Gari neman na gwanjo. Ni ina cikin 'yan kakkaɓe ƙura, tsohon Phoenix ɗin babanmu na ɗauko nake zuwa Kwari da shi daga Ɗorayi, kuma ranar farko da na ce bari in cire ƙafar baya da kaina in canza taya wallahi ƙarshenta a buhu na zuba notina da washoshi da jak da kariya na saɓa firam ɗin a kafaɗa na kai wa wani dattijo mai gyara a bakin layinmu. Ya leƙa buhun ya dube ni ya ce, yaro wa ya yi maka wannan aika-aikar? Na ce Baba ni ne. Bai ƙara magana ba ya nuna min benci, na zauna ina kallon hannunsa har ya gama. Daga ranar na gane cirewa ba ita ce aikin ba, ko yaro ka ba sifana zai cire maka, mayarwa ce take raba mutum da abokinsa.

Kafin ka taɓa komai ka fara tambayar kanka ko ma akwai buƙatar cirewar. In faci ne kawai tayarka ta yi to bar ƙafar a inda take, ka dubi masu faci na bakin titi, ba sa cire ƙafa, gefe ɗaya na tayar suke ɓallewa su zaro tub su nemo hujin a ruwa su liƙe su mayar. Ana cire ƙafa ne in za a canza taya ko tub gaba ɗaya, ko sifok ya karye musamman ta ɓangaren firiwil, wato haƙoran ƙafar baya da sarƙa take hawa, ko boris ya fara ƙara kana so ka wanke ka sa giris, ko kuma keken ya lalace maka a Kabuga kana so ka cusa shi a adaidaita sahu.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana 15 ita ce sarauniya, kusan duk notin ƙafar keke ita ce, wasu ƙafafun gaba dai 14 suke ci, kuma in da hali ka samu 15 ɗin guda biyu don wani lokacin kana juya noti ɗaya aksul ɗin, wato sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar ƙafa, yana binka sai ka riƙe ɗaya gefen. Sai sifana 10 da 8 ko 9 saboda ƙananan notinan birki da ajasta mai jan sarƙa, filaya, sukundireba, famfo, tsumma, da ɗan giris a gwangwani. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki domin tana kama noti ta kowane gefe. Don Allah kar ka kama notin ƙafa da filaya, kuma kar ka yi abin nan da wasu suke yi na sa kurfi da guduma suna bugun gefen noti, yau zai kwance amma gobe ya zama mulmulalle babu sifanar da za ta ƙara kama shi. Ka shimfiɗa kwali ko tsohuwar tabarma, tsakar gidajenmu ƙasa ce, washa in ta faɗi cikin rairayi sai dai wani ya tsinta da damina. Ka samu faranti biyu, ɗaya na kayan dama ɗaya na kayan hagu. In akwai yara a gidan ka ɗora farantan a sama, su boris da noti kayan wasa ne a wurinsu, ƙarami kuma baki zai kai.

Abu mafi amfani cikin kayan aikin duka wayarka ce. Ka ɗauki hoton aksul ta dama da ta hagu tun ba ka kwance komai ba, kusa sosai yadda za ka ga me ke bin me. Da na yi haka ranar nan da ban ɗauki buhu ba.

Toh sai kifa keke. Yawancinmu ba mu da abin rataye keke irin na shago, saboda haka a kan sirdi da kai za ka kifa shi, amma ka fara cire madubi da fitila da abin riƙe waya, ka juya ƙararrawa ƙasa, ka sa tsumma ƙarƙashin sirdi kar siminti ya ci shi. In akwai bishiya a gidan ko wani ƙarfe a rumfa ka ɗaura igiya ka rataye shi ta sirdi, ya fi daɗin aiki musamman ga keke mai giya don komai yana zaune yadda ka saba ganinsa. Mai birkin faranti, wato faifan ƙarfe a cibiyar ƙafa da birki yake kamawa, in irin na mai ne wanda babu waya a cikinsa sai ruwan birki, gara ratayewar da kifawa.

Mu fara da ƙafar gaba tunda ita ce mai sauƙi. Birki ne farko, saboda taya ta fi wili faɗi, in ba ka buɗe birki ba robobin za su tare ta. Kekunan gwanjo masu giya yawanci birkinsu hannu biyu ne dogaye a gefe da gefen taya, waya ta haɗa su ta sama ta cikin wani ɗan lanƙwasasshen bututu, sai ka matse hannuwan biyu da hannu ɗaya ka zare bututun daga inda ya maƙale, shikenan sun buɗe. Na tsere masu siririyar taya akwai ɗan maɓalli a jikin birkin da ake ɗagawa. Phoenix da Raleigh da Hero masu birkin ƙarfe kuwa babu wani maɓalli, robobin ta cikin wili suke kamawa, dole ka sace iskar tayar sannan ka kwance roba ɗaya, wani lokacin ma duka biyun. In ka rasa gane kan birkinka ka sace iska kawai ka matse tayar da yatsu, sau da yawa tana wucewa.

Notin dama da na hagu duk hanya ɗaya suke kwancewa, yadda kake buɗe murfin jarka, in kana fuskantar notin. Na faɗi haka ne don mutane suna jin labarin fedar hagu da take ɗaurewa a baibai sai su ɗauka notin ƙafa ma haka ne, a'a, notin ƙafa ba haka yake ba. Ka sassauta wannan kaɗan ka koma ka sassauta wancan kaɗan, kar ka cire ɗaya gaba ɗaya ɗayan yana ɗaure tamau. In ya yi tsatsa ya ƙi motsi ka ɗiga masa kananzir ko baƙin mai ka je ka sha shayi ka dawo, ƙarfi ba ya kwance tsatsa sai dai ya cinye zaren aksul. Kuma ka lura da kyau, notin da ke wajen fok shi ne naka. Akwai wasu siraran notina ta ciki, tsakanin fok da cibiyar ƙafar, waɗannan su ne suke riƙe da boris da kon, wato ɗan ƙarfen da boris yake juyawa a kansa, ba ruwanka da su yau, in ka kwance su boris zai zubo maka a ƙasa kamar gero.

A keken da yake da madigad da kwando, ƙarafansu a kan aksul suke zaune, ka zare su ɗaya bayan ɗaya kana jerawa a faranti yadda suka fito. Wasu kekunan akwai washa mai ɗan ƙugiya da take shiga wani rami a jikin fok, wasu kuma bakin fok ɗin ne yake da ɗan tudu, duk an yi su ne don ko noti ya sassauta ƙafa kar ta fice kana tafiya, shi ya sa sai ka kwance sosai kafin ta fito. In fitilar kekenka daga cibiyar ƙafa take samun wuta, irin na kekunan Japan da na Turai, ka zare 'yar wayar tukuna, ta dama take, kar ka fizgo ƙafa ka tsinka ta.

Masu tsohon Raleigh na asali ga wani abu da ba kowa ya sani ba, kuma Kano akwai su da yawa tunda kamfanin na Ingila ya taɓa yin masana'anta a garin nan, har yau akwai dattijan da ba sa kiran wani abu keke in ba Rali ba. Ƙafar gaban tsofaffin nan ba ta da sirirn notin kulle kon, gefe ɗaya kon ɗin a kafe yake ɗaya gefen shi ake juyawa, kuma wanda ake juyawar, mai wurin kama sifana, dole ya zauna ta hagu. In ka juya ƙafar ka sa shi ta dama tafiya za ta riƙa ɗaure shi da kanta har ya murƙushe boris. Kuma zaren notinansu daban ne da na sauran kekuna, in ka yar da ɗaya ba kowane noti na kasuwa ne zai hau ba, in ka tilasta wani ka kashe aksul.

Sai masu liba maimakon noti, wanda ba a buƙatar sifana. Wani ɗan tseren keke na Italiya, Tullio Campagnolo, shi ya ƙirƙiro ta wajen 1930 don 'yan tsere su riƙa cire ƙafa da sauri. Kana ɓalle libar waje, ka riƙe ta, ka sassauta notin ɗaya gefen da yatsu zagaye biyar ko shida ƙafa ta fito. Ba sai ka zare sandar gaba ɗaya ba, in kuma ka zare akwai ƙananan sifirin guda biyu masu tsini, tsinin ciki yake kallo ta kowane gefe. Amma fa yadda ta yi maka sauƙi haka ta yi wa ɓarawo, in kana ajiye keke a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa ka zura sarƙar kullewa ta cikin ƙafar da firam, in ba haka ba ka idar da salla ka tarar da keke ya durƙusa. Sababbin kekuna masu tsada kuma wani ƙaton aksul ne da ake kwancewa da alanki a zaro shi gaba ɗaya, wannan ba shi da wani sirri.

Mai birkin faranti babu abin buɗewa, ƙafa kawai za ka zaro, sai dai abu biyu. Kar ka taɓa farantin da hannu mai maiƙo, birki zai riƙa kuka kuma ba zai kama ba. Sannan in na mai ne kar kowa ya matsa birki ƙafa tana waje, robobin za su haɗe su ƙi komawa, ka yanki kwali ka cusa tsakaninsu tun kafin ƙaninka ya zo wucewa ya matsa don jin daɗi.

Ƙafar baya yanzu. Mutane suna tsoron mai giya saboda tarin haƙoran nan da abin canza giya da yake reto, alhali ita ta fi sauƙi. Ka juya feda ka sauke sarƙa kan ƙaramin haƙori na can waje, ka buɗe birki, ka kwance noti ko liba, sai ka kama abin canza giyar ka ja shi baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya turo ƙafar, za ta fito sarƙa ta zame da kanta. Dalilin ƙaramin haƙori shi ne sarƙa ta fi sakewa a nan kuma in ka zo mayarwa ka san inda za ka ɗora ta ba lalube. In ka kwantar da keken a ƙasa bayan ka cire kar ka kwantar da shi ta ɓangaren sarƙa, ɗan ƙarfen da yake riƙe abin canza giya ba ya da wuyar lanƙwashewa, da ya lanƙwashe giya ba za ta ƙara zama daidai ba.

Jarrabawar gaske tana wajen Phoenix da 'yan uwansa. Aksul ɗaya ne amma an ɗora masa duniya, ajastar sarƙa, jak, ƙarfen madigad, ƙafar kariya, washa, noti, wani ma har da ƙarfen taka ƙafa na goyo, kuma kowane keke da yadda wanda ya haɗa shi ya jera, shi ya sa na ce hoto. Tunda jak ɗin kansa a kan aksul yake ba zai yiwu ka kafe keken a kansa ka yi aikin ba, kifawa ko ratayewa dole. Ka sace iska, ka kwance robobin birkin baya. In mai rufaffen gidan sarƙa ne akwai wani yanki ta baya da ƙananan sukurori suke riƙe da shi, ka kwance shi ka ajiye, ba sai ka cire gidan duka ba. Sai manyan notina, sai ka ɓamɓaro kariya da madigad da jak, suna da ɗan tauri sai ka buɗa su da hannu, jak ɗin ka yi hankali da sifirin ɗinsa yana cizon yatsa. Daga nan ka sassauta ƙananan notinan ajasta guda biyu da suke kallon baya, kafin ka sassauta ka ƙirga zaren da ya fito a kowanne ko ka ɗauki hotonsa, zai rage maka wahala anjima. Bakin firam ɗin irin wannan keke baya yake kallo, ma'ana ƙafa ta baya take fita, amma sarƙa tana riƙe da ita, don haka gaba za ka fara tura ta sarƙa ta yi sako-sako, ka sauke ta daga kan firiwil ka rataye ta a jikin firam, sannan ka ja ƙafar baya. Madigad zai so ya tare ta, ka ɗaga shi kaɗan, tayar da ba iska tana wucewa. In gidan sarƙarka rufaffe ne ka ɗaure sarƙar da 'yar waya ko zare a jikin firam, in ta zame ta faɗa ciki ta sauka daga babban faranti na gaba za ka yi zufa kafin ka kamo ta.

Kekunan yara da wasu na Turai masu birkin feda, wanda in ka juya feda baya yake tsayawa, da na Japan masu birki a cikin wani gwangwani a cibiyar ƙafa, duk suna da wani hannu na ƙarfe ta hagu da aka ɗaure a jikin firam da ƙaramin noti. Sai ka kwance shi ƙafa za ta fito, na Japan har da wayar birkin. Wannan hannun shi ne yake riƙe birkin duka, in ka mayar da ƙafa ka manta ba ka ɗaure shi ba to ba ka da birkin baya, kuma ba za ka sani ba sai kana gangarowa daga gadar Ƙofar Nasarawa. Masu giya uku a cikin cibiya kuma ka cire wayar giyar ta dama tukuna, kuma washoshinsu masu ɗan harshe ne da yake shiga bakin firam don hana aksul juyawa, kar ka musanya su da washa ta banza.

Tunda ƙafa ta fito kar ka yi saurin mayarwa. Ka riƙe aksul da yatsu ka juya, in yana tafiya sumul lafiya, in kana jin gurgur kamar da yashi a ciki to ƙurar hunturu ta shiga giris ya bushe, in kuma yana girgiza gefe da gefe kon ya saki. Ka bi sifok biyu-biyu kana matsawa ka ji ko akwai wanda ya saki ko ya karye. In ka cire taya ka duba robar da take rufe kawunan sifok a cikin wili, in ta tsinke ita ce take huda maka tub ta ciki kana zagin mai faci, tsohon tub ma in ka yanka shi siriri yana yin aikin. Ka shafa cikin tayar da tsumma a hankali ka nemo ƙayar tsidau ko guntun waya ko kwalba, in ka bar ta sabon tub ɗin ma ba zai kai ka Gwauron Dutse ba.

In taya za ka saya ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar, ko ka ɗauke ta ka tafi da ita kasuwa. Akwai tarko a nan, Phoenix da Raleigh tayarsu 28 x 1½ ce, faɗin da'irar wilinta daga baki zuwa baki milimita 635, su kuma kekunan Turai da yawa an rubuta 28 a jikinsu amma 622 ne, wato wadda ake kira 700C. Duk 28 ake ce musu amma ɗaya ba ta hawa wilin ɗaya. Ka nemi lambar nan mai kamar 40-635 ko 37-622, ita ce ba ta ƙarya. Tsofaffin masu giya na hawa dutse yawanci 26 ne, 559. Bawul ma kala uku ne, irin na mota, da siriri na kekunan tsere, da irin namu na da mai 'yar roba a ciki, ka sayi wanda zai shiga ramin wilinka kuma famfonka yake kamawa.

Toh mayarwa. Ka fara duba gefen taya ko akwai kibiya, in akwai tana nuna inda ƙafa take juyawa in ana tafiya gaba, kuma keke a kife yana ruɗa mutum, ka tsaya ka yi tunani. Ka goge zaren aksul ka shafa giris kaɗan don na gaba kar ya sha wahalar tsatsa, kai ne ma na gaban. Ƙafar gaba ka zura ta har aksul ya zauna can ƙarshen bakin fok ta kowane gefe, ka jera kaya yadda hoto ya nuna, washa mai haƙora haƙoranta suna kallon ƙarfen firam. Ka ɗaura notina da yatsu kawai tukuna, in noti ya ƙi tafiya da yatsu tun farko ya hau a karkace ne, ka dawo da shi ka sake. Dabarar da na koya wajen dattijon nan ita ce kafin ɗaurin ƙarshe ka mayar da keken kan ƙafafunsa ka danna kan da nauyinka, aksul zai zauna daidai da kansa, sannan ka ɗaure, dama kaɗan hagu kaɗan har su yi tamau. Ƙarfin hannu mai kyau ya isa, ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Liba kuwa nan ne mutane suke kuskure mafi haɗari, suna murɗa ta kamar famfon ruwa har ta tsaya su ce ta ɗauru. Ba haka take aiki ba. Libar tana buɗe za ka ɗaura notin ɗaya gefen da yatsu, sai ka turo ta ka rufe, ya kamata ka fara jin tauri tun tana rabin hanya, ƙarasawar kuma sai da tafin hannu har ta bar maka shaida a fata. In ta rufu da yatsa ɗaya ba ta kama ba, ka buɗe ka ƙara ɗaure notin. Ka rufe ta tana kwance a gefen fok ko tana kallon baya, kar ta kalli gaba wani abu ya ɓalle ta a cunkoson Kurmi.

Mai giya ta baya ka ja abin canza giya baya, ka shigar da haƙoran tsakanin sarƙar sama da ta ƙasa, ka ɗora sarƙa kan ƙaramin haƙorin da ka bar ta, ƙafa ta zauna, ka ɗaure. In ta ƙi zama kar ka buga, yawanci robar birki ce ta tare ko farantin bai shiga tsakanin robobinsa ba.

Ta Phoenix sai haƙuri. Ajasta biyu su fara hawa aksul yadda ka same su, ka zura ƙafar ka tura ta gaba sosai, ka ɗora sarƙa kan firiwil, ka ja ƙafar baya, ka mayar da 'yan murafan ajasta a bakin firam da notinansu. Sai jak da madigad da kariya da washa da manyan notina, da yatsu kawai. Yanzu abu biyu kake nema lokaci ɗaya kuma kowanne yana ɓata ɗaya, sarƙa ta yi daidai, ƙafa kuma ta zauna tsakiya. Ajastar dama ita take jan sarƙa, ta hagu ita take miƙe ƙafa, ka riƙa juya su rabin zagaye rabin zagaye. Ka sa yatsa tsakanin taya da ƙarfen firam ta kusa da feda, dama da hagu, ratar ta zama ɗaya. Sarƙa kuma in ka danna tsakiyarta ta motsa sama da ƙasa kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi, faɗin yatsa kenan. Kuma ka juya feda zagaye da yawa kana dubawa, saboda babban farantin sarƙa ba ya taɓa zama daidai cif, akwai inda sarƙa take tauri akwai inda take saki, a wurin da ta fi tauri za ka auna. Masu cewa a ja ta tamau don kar ta faɗi su ne suke canza firiwil da boris kullum, ga nauyin tuƙi kamar kana jan kura. In ta yi sako-sako kuma za ta sauka a tsakiyar titi adaidaita na maka hon. Da komai ya daidaita ka ɗaure manyan notina, nan ma kaɗan-kaɗan ta kowane gefe kana kallon ratar, don ɗaurin yana son ya ja ƙafa gefe ɗaya, sannan ka ɗan ƙara matse notinan ajasta kar su kwance su faɗi a hanya. Ajasta ba ita take riƙe ƙafa ba, manyan notina ne.

Robobin birkin ƙarfe in za ka mayar ka duba gidan da robar take ciki, gefe ɗaya a toshe yake ɗaya a buɗe, toshesshen shi zai kalli inda wili yake tura robar in ana tafiya gaba, in ka juya shi ranar da ka taka birki da ƙarfi robar za ta fice ta bar ka da ƙarfe. Ka tabbata robar tana kama wili ne ba taya ba kuma ba ta taɓa sifok. Masu waya ka mayar da bututun nan inda ka zare shi, wannan shi aka fi mantawa.

Sai iska, adadin da tayar take ɗauka yana rubuce a gefenta, kuma lokacin zafin Maris da Afrilu kar ka cika ta har ƙarshe in keken a rana yake wuni. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka saurara ko tana gogar wani abu, ka kama ta ka girgiza gefe da gefe, ka ɗaga gaban ka daki saman tayar da tafin hannu ka ga ko za ta motsa daga fok. Ka matsa birkin gaba ka tura keken, ka matsa na baya ka tura. Sannan ka hau ka zaga layinku sau biyu a hankali kafin ka shiga titi, ka dawo ka sake sa sifana a kan notina huɗun nan, sau da yawa na baya suna karɓar ɗan ƙari saboda jak da kariya sun gama zama. In ka duba faranti ka ga washa ɗaya ta rage, ka buɗe hoton nan ka nemo gidanta.